Bargon Shekara

Likita a Shika ya ce, "Iya, ki riƙa tattaki,
gwiwa ƙyaure ce, in ba a buɗe ta sai ta cije."
Ni da na yi shekara talatin ina zarya tsakanin gadajen majinyata,
yau ni yaro ke koya wa taku.
To, na ji.

Kafin hantsi nake fita daga Tudun Wada,
kwarashi a jaka, dunƙulen ulu biyu,
in gangara har gadar Kubanni, in zauna, in huce.
Doka ɗaya na kafa wa kaina:
launin da hanya ta ba ni yau, shi zan saƙa,
layi guda, ba ƙari.

Da bazara na ɗaura zare.
Ɗorawa ta rataya jajayen tuntayenta, na sa ja.
Rimin bayan makaranta ya fashe da auduga,
tana sauka a kan 'yan acaɓa, ba ruwanta da saurinsu,
na sa fari.
Kubanni ta rame kamar ƙarshen dunƙule.
Mangwaro ya faɗo gabana, tim,
akuyar gidan Malam Barau ta riga ni.
Na rama da ruwan ɗorawa, layi tara a jere.

Ran nan sai ga shamuwa a kan eriya,
ta tsaya da ƙafa ɗaya kamar mai bin bashi.
Kwana shida, gabas ta haɗe rai.
Ƙamshin ƙasar nan ta ruwan fari
na rasa zaren da zai ɗauke shi,
sai na saƙa toka-toka, na shaƙa, na yi shiru.

Kore kuwa ya ba ni wahala.
A kasuwar Sabon Gari, Mama Nkechi iri uku gare ta,
ni kuwa na ƙirga goma sha ɗaya tsakanin gida da gada:
na tafasa daban, na masarar kangon maƙwabta daban,
na gansakukar jikin katanga, wannan ba shi da ɗan'uwa.
Ta ce, "Hajiya, kore ai kore ne."
Na ce, "Taso mu je ki gani."
Gawo kaɗai ya tuɓe, ya tsaya tsirara a tsakiyar ruwa.
Dominsa na bar 'yan ramuka a saƙar.

Cikin Agusta zazzaɓi ya kwantar da ni.
Mako guda ban ga komai ba sai rufin ɗaki.
Mubina, jikata, ita ta yi mini yawon,
ta dawo da furen kabewa a tafin hannu, ya yi yaushi,
ta karɓi kwarashi, harshe a waje, tana cije leɓe.
Layinta ya karkace kamar hanyar Jushi.
Ban warware ba.

Kaka ta zo da kalar ƙasa-ƙasa,
dawa ta sunkuyar da kai, gyaɗa na shan rana a bakin titi,
dutsen Kufena can nesa ya canza riga bai gaya wa kowa ba.
Sai sanyi. Tururin kokon Lantana na tashi a kwana,
kuka ta zubar da komai,
gawo kuma, ɗan taurin kai, yanzu ya ga damar yin ganye.
Na koma kan korena.

Bargon ya girma, yana rufe gwiwar da ta haife shi.
Jiya wata ta tsaya a kaina a bakin gada,
ta shafa, ta ce, "Nawa?"
Na ce, "Wane wajen? Ruwan farin, ko zazzaɓin?"
Ta dube ni, ta gyara mayafi, ta wuce.

Rimi ya soma kumbura 'ya'ya.
Saura kwana ashirin da ɗaya, in da rai.
Farin zare na nan a jaka.